Fuskar Auta a Bangon Coci

Da asuba Mai Fenti yana tsugune a bakin famfon tsakar gida, yana wasa wani ƙarfe mai faɗin baki a kan dutse. Matarsa ta fito da bokiti, ta tsaya a kansa.

"Tun jiya kake wasa abin nan. Bango za ka kankare ko sa za ka yanka?"

Ya ci gaba da wasa ƙarfensa. Ta ajiye bokitin, ta koma ɗaki, ta fito da wani tsohon zaninta ta ɗora masa a kafaɗa. Bai tambaye ta na mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Mutumin a kan tsani ya tsufa. Allunan shaguna, bayan manyan motoci, ƙofofin makarantu, babu inda hannunsa bai taɓa ba a garin. Sai dai yana da rauni guda a sana'arsa wanda kowa ya sani: ba ya iya zana fuska da ka. Sai an zaunar masa da mutum mai rai a gabansa, yana kallo yana zanawa. Shi ya sa kawunan da ke allunan masu aski duk na 'yan unguwa ne. Mai gyaran keke yana nan rataye a shaguna da dama da gashi cunkus, alhali yau ko ƙuda ya sauka a kansa sai ya zame.

Abu na biyu, ba ya kankare tsohon aiki. Ubangidansa da ya koya masa sana'a ya ce a rufe da sabo a bar na ƙasa ya kwanta, bango ya fi riƙe fenti a kan fenti. Haka ya yi duk rayuwarsa. Ƙarfen da yake wasawa ma na cire tsatsar ƙofofi ne.

A bangon cocinsu, bayan bagade, akwai Yesu tsaye da hannuwa a buɗe. Baƙon Fadan da ya gina cocin shi ya fara zana shi: fari sol, gashi kamar gemun masara, idanu shuɗɗa. Yaran lokacin sun ɗauka ƙanen Fada ne. Da ƙasa ta samu tutarta aka shiga sauya komai, sunayen tituna, waƙar da ake rerawa a makaranta, har fuskar da ke jikin kuɗi. Dattawan coci suka ce ai Yesu ma ya kamata ya yi kama da mu. Aka kira Mai Fenti, lokacin yana saurayi.

Ya duba cikin jama'a, bai samu mai zauna masa ba sai ƙanensa Auta, mai gyaran rediyo. Shi kuwa Auta ba ya iya zama wuri ɗaya, kamar an zuba masa tururuwa a wando.

"Rufe bakinka, giɓin nan ba zai shiga coci ba."

"Yaya, in mutanen nan suka gane a gaban wa suke durƙusawa, sai sun ce a mayar musu da kuɗin baikon da suka zuba wa coci."

"Daina dariya, kana karkata mini hanci."

Ya zana shi yadda yake: doguwar fuska, siririn hanci, har da tabon da ke girarsa ta hagu, na faɗowa daga bishiyar mangwaro. Ya rufe Baturen da shi. Hannuwan kawai ya bari yadda suke ya shafa musu baƙi, don Auta ya ƙi tsayawa da hannu a sama. Da damina, in bango ya sha danshi, shuɗin nan na ƙasa yakan ɗan leƙo a ido ɗaya. Matan coci suka riƙa cewa Yesunmu mai idon mage ne. An yi shekara da shekaru ana wannan dariya, ba wanda ya damu.

Auta ya yi aure a ƙetaren kogi, ya buɗe shago a can. Tafiyar keke ce, gada ce kawai tsakani. Daga baya manya suka yi rigimarsu, aka yi harbe-harben da aka yi, aka wayi gari an ce kogin nan iyaka ne, nan ƙasa, can ƙasa. Aka toshe gadar da ganguna da waya mai ƙaya. Labarin rasuwar Auta a bakin wani direba ya iso, bayan an daɗe da binne shi. Ciwo ne, in ji direban, bai san wane iri ba. Ba kabarin da za a je, ba hoto ko ɗaya a gidan, don Auta ya sha cewa wanda ke bangon coci me zai nema wurin mai hoto.

Tun daga nan Mai Fenti bai sake fashin Lahadi ba. Bencinsa ɗaya, gefen hagu, inda ake ganin hasken taga yana sauka a kan girar. Matarsa takan ce, "Kai ba sujada kake zuwa ba, gaisuwa kake zuwa." Bai taɓa musa mata ba.

Sabuwar ƙasa kuwa tana neman tata fuskar. Kullum rediyo yana faɗin mu da mutanen ƙetare ba mu taɓa zama ɗaya ba, ko a ido ana ganewa: su masu doguwar fuska da siririn hanci, mu masu faɗin fuska. Wata ma'aikata ta buga hoton wani mutum ta ce ga kamannin ɗan ƙasa, aka manna a tasha da makarantu da bakin kasuwa. Mutane suka fara daɗewa a gaban madubi.

Ranar wata jana'iza wani hafsan soja ya shigo cocin. Ya zauna, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Da aka tashi ya ja Fadan yanzu gefe, ya tambaye shi cikin murmushi me ɗan ƙetare yake yi a bangonsu. Ya sa hularsa ya fita. Kafin Lahadi ta zagayo an rubuta "maciya amana" da gawayi a katangar waje, bencunan cocin kuma suka fara yin fili.

Shugaban kwamitin coci tsohon malamin makaranta ne, kowa Malam yake ce masa, kuma a layi ɗaya suka tashi da Mai Fenti. Shi ya kira shi ofishin Fada.

"Abokina, ka san ba son raina ba ne. Fuskar nan za ta sauka."

"To. Zan rufe ta da sabuwa."

"Ba rufewa ba. Kankarewa, har sai an ga siminti."

"Malam, ni ban taɓa..."

"Na sani. Kowa ma ya sani, matsalar ke nan. Aikinka leƙowa yake da damina. Ido ya leƙo mun yi dariya. In hancin nan ya leƙo, wa zai yi dariya?"

"Auta ne fa. A bayan gidanku aka haife shi. Kai ka koya masa hawa keke."

"Ni na koya masa, har ya fasa mini fitila. Je ka faɗa wa mai bindiga haka." Malam ya cire tabarau ya murza idanu. "Jikokina nan suke zuwa, abokina. In ba za ka iya ba, akwai masu injin gurza. Kafin rana ta take sun gama."

Fada matashi ne, yana ta kallon hannuwansa. Mai Fenti ya jira ko zai sa baki. Abin da ya iya cewa kawai shi ne Ubangiji ba ya cikin fenti. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ita aka tambaye shi ba.

"Ban da inji," in ji Mai Fenti. "Ni zan yi."

Ya yi iya ƙoƙarinsa a 'yan kwanakin da aka ba shi. Ya je wurin mai hoto don ya ɗaukar masa hoton bangon, mai hoto ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri, in aka ga fuskar nan a shagona fa?" Ya ɗauki allon katako ya zauna a coci yana kwafa. Hannun da bai saba da abin da ba ya numfashi ba ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya kai wa matarsa, ta juya allon nan, ta juya shi can, ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Ya jingine shi a bayan ƙofa, fuska ga bango.

Batun sabuwar fuska ma bai tsaya ba. Malam ya miƙa masa hoton nan da ma'aikatar ta buga, Mai Fenti ya ce a kawo masa mutumin ya zauna. Aka bincika, babu mutumin. An ce a ofis aka haɗa shi, hancin wani, goshin wani. Aka nemi mai kama da shi a cikin jama'a. Wani mai nama ya ɗan yi kusa, amma ya ce, "Ni? In gobe aka sake yanka ƙasar, ni za a kankare?" Aka bar maganar sai wani zama.

Ni birkila ne, ni aka kira in yi sabon shafe in an gama, shi ya sa da safen nan nake gindin tsani. Ya iso, ya shimfiɗa zanin matarsa a ƙasan bangon, ya danne gefensa da duwatsu, ya hau.

Daga gashi ya fara, ya gangaro gemu, ya bi kumatu. Ba a jin komai a cocin sai ƙarar ƙarfe a jikin bango da zubowar ɓarɓashi a kan zani. In ya cire Auta sai farar fatar Bature ta fito, in ya cire ta sai siminti. Malam ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Girar hagu ya bari ƙarshe. Ya sa bakin ƙarfen a ƙarƙashin tabon, ya tara tafin hannunsa, ya riƙe numfashi yana turawa a hankali ko za ta ɗago gaba ɗaya. Ta ɗago kamar faɗin farce, sai ta farfashe ta bi ta tsakanin yatsunsa.

Ya daɗe a saman tsanin bai motsa ba.

"Baba, sauko, zan ƙarasa maka," na ce.

"Riƙe tsani. Aikinka ke nan."

Ya ƙarasa, ya sauko, ya tattara zanin ya fita. Na cuɗa siminti na shafe wurin. Riga tana nan, hannuwa suna nan a buɗe, a samansu kuma ɗanyen shafe mai launin toka.

Da na wanke cokalina na shafe na fito, na same shi zaune a matakalar baya, zanin a buɗe a cinyarsa, murfin gwangwanin fenti a gefensa.

"Baba, ai sun gauraye," na ce masa.

Ya jawo murfin kusa. Fentin biyu sun daɗe da manne wa juna, kowane ɓarɓashi gefe ɗaya baƙi ne, gefe ɗaya fari. Yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da farce, yana juya baƙin sama, yana jerawa a kan murfin.