Ranar da Muka Kalli Ormerod

Cuthbert Ormerod ɗan mahauci ne, amma tun yana yaro jini ke sa shi jiri. Sai ya ɗauki tsinken saƙar uwarsa ya tsaya gaban rediyo yana kaɗa shi kamar jagoran makaɗan London, su kuwa ba su san yana yi ba. Ya girma, ya je London ɗin, ya dawo bayan wata bakwai da tari da baƙar kwat. Ya buɗe shagon takalma, ranar Lahadi kuma shi ne jagoran makaɗan garinmu. Shekara talatin da ɗaya yana kaɗa 'yar sandarsa a kanmu.

Ni Enid, ni ke riƙe takardun kiɗa, kuma ina ƙaunar mutumin nan. Amma gaskiya ɗaya ce: hannunsa ba ya tafiya da kiɗa. Kullum yana baya, kamar mai bin bas da gudu. Saboda haka ba mai kallonsa. Gwiwar hannun Hilda Duckworth muke bi, babbar mai gogenmu, shi kuma yana can sama yana fama da iska, idonsa a lumshe.

Sai kwamitin makaɗan ya samo wani saurayi daga Manchester da zai maye gurbinsa. Suka ce za su zo gwajin Lahadi su gani da idonsu: in makaɗa na bin Ormerod ya zauna, in ba sa bi ya sauka.

Raina ya ɓaci. Haba, mutumin da ya sa wa 'ya'yansu takalmin makaranta!

To, makaɗa suna da al'ada. Inda ake so mutum ya ɗaga kai ya dubi jagora, sai a zana ɗan tabarau da fensir a saman layin. Makaɗi ko barci yake, in ya ga tabaran nan sai ya ɗago. Na kwashe takardun mutum arba'in, na zauna da butar shayi, na yi wa kowane layi tabarau. Har na mai ganga, wanda sau uku kacal yake bugawa.

Ranar Lahadi Hilda ta buɗe tata ta harare ni.

"Ke Enid, shagon likitan ido kika buɗe?"

"Yi gogenki, Yaya, ki kalle shi kawai."

"In kalle shi? Kin taɓa ganin abin da yake yi kuwa?"

'Yan kwamiti suka jeru a baya da hulunansu a cinya. Ormerod ya ɗaga sanda, ido tamanin suka sauka a kansa lokaci guda. Bawan Allah ya daskare. Ya shafa gashin baki, ya saci kallon maɓallin wandonsa.

"Lafiya dai, jama'a?"

"Lafiya lau, Maigida, kai muke jira," in ji Hilda.

Ya sauke hannu, muka bi shi. Kai, ban taɓa jin ɓarna irin ta ranar ba! Masu goge suka jira shi, masu busa suka wuce, mai ganga ya buga ukunsa a jere don ya huta. Ko shafi biyu ba mu ci ba shugaban kwamiti ya sa hularsa. Ashe rashin kallon nan shi ya riƙe Ormerod shekara talatin da ɗaya, ni da fensirina na kayar da shi.

Litinin na same shi a shago yana jera akwatuna. Na faɗa masa komai, ina kuka kamar yarinya.

Ya miƙo mini hankicinsa.

"Na san Hilda kuke bi, Enid. Ni ma ita nake bi."

"To ka yafe mini, Maigida."

"Me zan yafe? Tun ina saurayi tsakar kawunanku nake gani, na san sanƙon kowa. Jiya na ga fuskoki." Ya ɗora wani akwati a kan kanta. "Ashe haka sauran jagorori suke ji."