Ranar da Bu Tenri Ta Zare Waya a Gaban Mai Kamfani

Kafin masu kofi su gama jera kujeru a tashar jiragen ruwa ta Parepare, Bu Tenri ta riga ta jingine babur ɗinta, ta zura rigar sanyi, ta shige ɗakin nan marar taga. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana haka. Na'urorin kwamfuta uku ne a ciki, su ke riƙe da sunan duk wanda ya yanki tikiti. Biyu na aiki tare, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka. Ta ukun alƙaliya ce, in biyun sun daina jin juna ita ke faɗin wadda za a bi. Da yake aikin bai taɓa tsayawa ba, rabin ma'aikata sun ɗauka mai gyaran firinta ce.

Rowar izinin shiga na'urorin kuwa, a nan aka san ta. Sai ka ji ta ce, "Kai mai yankan tikiti, ina ruwanka da jadawalin jirage?" Mutum ɗaya ne ya fi ƙarfinta, Puang Mappasessu, mai kamfanin, jinin sarauta, wanda babban makullin shiga na'urorin ke hannunsa tun ranar da aka sayo kayan.

Saura kwana uku ƙaramar sallah, tasha ta cika maƙil da masu tafiya gida. Puang ya leƙa ta kwamfutar ofishinsa, ya ga na'ura ta ukun ba ta tsinana komai sai shan wuta, ya kashe ta. Da hantsi ɓera ya gwaguye wayar da ke haɗa biyun. Kowace ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, kowace ta shiga sayar da kujerun jirgi ɗaya. Jirgin mutum ɗari shida ne, sunaye sun doshi ɗari tara.

Bu Tenri ta tsayar da cinikin tikiti. Sai ga Puang ya shigo yana huci, ya tsaya tsakaninta da na'urorin.

"Tenri, wa ya ba ki izinin rufe mini tagar tikiti?"

"Ba kowa, Puang. Jirgin ne ba zai ɗauka ba."

"A sallah kowa matsuwa yake yi. Buɗe, ko ki ɗauki jakarki."

"Teku ba ta san sallah ba, Puang."

A wajenmu ba a gifta babba a tsaye. Ta rusuna, ta sauke hannun dama ƙasa, ta ce, "Tabe, Puang," kamar yadda aka koya mana neman hanya tun muna yara, ta wuce ta gabansa ta zare wayar ɗaya na'urar, don kada a sake sayar da kujera ɗaya sau biyu. Daeng Rewa mai gadi yana bakin ƙofa. Ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin an yi wa mutum tawaye da ladabi irin wannan ba."

Da azumi a bakinta ta tada alƙaliyar, ta zauna tana tace sunaye har la'asar. Waɗanda suka riga saye suka shiga, sauran aka maida su jirgin jibi. Ita da kanta ta fita ta sha zaginsu. Washegari jirgin ya gamu da igiyar ruwa a tsakiyar mashigin teku, kuma da kyaftin ya dawo cewa ya yi, "Da an ƙara mini mutum ɗari, da ba ni ke ba ku labarin ba." Puang bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Bayan sallah dai ya aiko da 'yar takarda: "Cire sunana daga masu makulli."

Ke ce, Bu Tenri, kika gwammace a kore ki da a ƙirga gawa. Muna alfahari da ke, ƙaramar mace mai babbar zuciya. Ranar Juma'ar nan za ki ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaji kujerarta, ku koyi cewa a'a tun kafin ranar ta zo muku.

Har yau akwai wani mai sayar da busasshen kifi, cikin waɗanda aka maida jirgin jibi, da ke tsine mata, wai ta sa shi ya yi sallah a kan ruwa, bai ci abincin mahaifiyarsa ba. Allah ya ja kwanansa, ya ci gaba da tsinuwar.