Kaset Mai Ɗigon Jan Farce

Ban san ranar da muryar Mama ta ɓace mini ba. Na dai farga wata rana ina yanka albasa a kicin, na so in tuna yadda take cewa in rage wuta, sai na ga kalmomin suna nan ras, amma da muryata suke fitowa. Na ajiye wuƙar, na rufe ido, na kira wata maganar tata. Ita ma haka. Na tsaya riƙe da bakin tebur har man da ke kan wuta ya soma hayaƙi.

Fuskarta ina da ita, akwai hotuna a falo. Amma Mama ta rasu kafin waya mai ɗaukar murya ta shiga hannun kowa, kuma ita ba mai tsayawa gaban makirfo ba ce a wurin biki. Na tambayi yayyena a fakaice ko wani yana da wani tsohon bidiyo da ta yi magana a ciki, kowa ya ce babu. Ban gaya musu dalili ba. Ni ce auta, ni na yi jinyarta har ƙarshe, da wane baki zan ce na manta muryarta? Abin ya riƙa cina a ɓoye. Ina cikin wanki sai in kama kaina ina tunanin abin da zai biyo baya, ko dariyarta ce, ko yadda take jan takalmi a tsakar gida.

Ana cikin haka ƙawata ta kira ni. Tare muka tashi a Tudun Wada ta Jos, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ƙofarsu na kallon tamu. Su Kirista ne 'yan asalin Filato, babanta ma'aikacin gwamnati, nawa kuma tela ne. Da gari ya rikice aka rarraba, mu muka tattara muka koma Rikkos, ita kuma aure ya kai ta Rayfield. Tun daga nan zumuncinmu ya koma na waya da na biki da na gaisuwar mutuwa. Hausarta irin ta Jos ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “ka” ne a bakinta, kuma na shekara arba'in ina yi mata tsiya a kan haka ba ta canza ba.

“Ƙawata, ka zauna tukuna kafin na gaya maka,” in ji ta. “Na samu kaset namu. Wanda mun sa masa jan farce.”

Ta ce yayanta ne yake kwashe tsofaffin kaya zai zubar, ta tsince shi a cikin kwali. Ita murna take, tana ta rera mini wani amshi da ba ta taɓa iya shi daidai ba. Ni kuwa zama na yi a bakin gado. Na san abin da mai yiwuwa yake cikin kaset ɗin nan.

Muna 'yan shekara goma sha uku kiɗan Turawa ya kama mu kamar zazzaɓi. Yayanta yana da wata ƙatuwar rediyo mai lasifika biyu, kuma duk Asabar da rana akwai shirin da ake saka waƙoƙin samari masu dogon gashi, waɗanda ke dukan ganga kamar sun kama ɓarawo, da na wasu mata masu murya kamar za su yi kuka amma ba sa yi. Turancinmu bai kai ya kawo ba, sai dai wannan bai hana mu komai ba. Mukan haddace waƙa daga farko har ƙarshe, har inda mawaƙi yake jan numfashi. Mu ɗaura ɗankwali a goshi, mu riƙe muciya a matsayin jita, mu yi ta girgiza kai har wuya ya sage. Mama takan leƙo ta ce waɗannan mutane ko yunwa suke ji ne, a ba su abinci mana su huta.

Babana yana da wata 'yar rakoda da yake sauraron wa'azi da ita. In ya tafi shago ranar Asabar mukan ɗauke ta, ya san muna ɗauka, ya yi kamar bai sani ba. Ba mu da wayar da za ta haɗa ta da rediyon, don haka sai mu girke ta a gaban lasifika, baki da baki, mu danna jan maɓalli da baƙi tare. Duk abin da ya yi motsi a ɗakin sai ya shiga. Shi ya sa muka kafa dokar shiru: mu rufe taga, mu cusa tsumma a ƙasan ƙofa, mu zauna kamar gumaka, ko tari ya zo sai a haɗiye shi. Amma ina! Gidan haya ne. Zakara zai yi cara, wata za ta fara daka, ruwa zai sauko da ƙanƙara a kan kwano. Waƙar da ta ɓaci sosai mukan shafe ta a mako na gaba, mu naɗi wata a kanta, don kaset ɗaya muke da shi.

Akwai wata waƙa da muka yi makonni muna jira. Jita ce kaɗai take farawa, a hankali, sannan ganguna su rufto gaba ɗaya. Ranar da aka saka ta mun danna a kan lokaci, ba zakara, ba turmi. Muna tsakiya Mama ta turo ƙofa ta yi magana. Abin da na riƙe a raina duk shekarun nan shi ne ta banko ƙofar da ƙarfi ta yi ta faɗa. Na yi kuka ranar, na ƙi cin abinci, ƙawata ta lallashe ni ta ce in an sake sakawa za mu shafe mu naɗi sabuwa. To, mun shafe ko ba mu shafe ba? Nan ne ƙwaƙwalwata ta tsaya cik. Na tambaye ta a waya, ta ce wallahi ita ko ranar ba ta tuna ba. Sai na gaya mata abin da ban gaya wa 'yan uwana ba, ta ce mu nemi inda za a kunna.

Neman abin kunnawar ma aiki ya zama. Gidan duk da na tambaya sai a yi dariya, a ce ai tuni yara suka farfasa. Daga baya yayanta ya tuna da wani tsoho mai gyaran rediyo a Tudun Wada, wanda har yanzu yake juye kaset zuwa memori. Muka sa ranar Asabar. Kwanakin da suka rage ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Na zuba gishiri sau biyu a miya, na yi wa 'yata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani lokaci in ce gara ma a bar shi a kwali, don muddin ba a kunna ba ina iya cewa muryar tana ciki.

Maigidana ya ce kada in kai magariba a can, na ce to. Rabona da shiga unguwar tun ranar da muka loda katifu a bayan mota. A cikin keke na riƙa gyara hijabi ina kallon fuskokin mutane, amma babu wanda ya damu da ni, masu dankali suna ta cinikinsu, yara suna buga ƙwallo. Na hango kwanar gidanmu na dā, an yi masa fenti shuɗi, na kau da kai. Ƙawata tana tsaye a bakin shagon da jaka a rungume a ƙirji. Ta yi ƙiba, na gaya mata, ta ce ni ma ban da bakin magana.

Da ta fito da kaset ɗin na gane ɗigon jan farcen nan take, ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Tsohon ya ɗaga shi sama ya duba ta 'yar tagar tsakiya, sai na ga wasu fararen tabo a jikin zaren. Ya ce sanyi ya shige shi, zaren yana iya mannewa, yana iya tsinkewa, shi ba zai yi mana alkawari ba. Ya ce in Allah ya sa ya juya, to sau ɗaya zai yarda ya kunna shi, yana juyewa a lokaci guda. Ya zura biro a ramin ya fara murzawa a hankali don ya saki. Muka kalli juna ni da ƙawata muka yi dariya, don mu ma da biro muke mayar da kaset baya saboda kada batir ya ƙare. Dariyar ba ta kai mini ciki ba. Ya sa wa na'urar batir maimakon wuta, don kada a ɗauke ana tsakiya, ya rufe murfin ya danna.

Da farko shuuu kawai ake ji. Sannan kiɗa ya fito, yana ɗan rawa kamar mai jin sanyi, amma ya fito. Ga zakaran nan a waƙa ta farko. Ga turmi a ta biyu, yana tafiya daidai da ganga. Ga tarin ƙawata wanda ta rantse a lokacin ba ita ba ce. Bakina ya kama amshi da kansa, ban rasa ko gaɓa ɗaya ba, na san inda jita za ta yi kuka kafin ta yi. Haushin kaina ya kama ni. Na ajiye numfashin wani baƙo da ban taɓa gani ba tsaf a kaina, na bar muryar wadda ta haife ni ta zube. Idona yana kan zaren da ke juyawa, duk sanda kiɗan ya ja sai in ce ya tsinke.

Sai jitar nan ta fara ita kaɗai. Na kama hannun ƙawata. Ganguna suka rufto, mawaƙin ya shiga, aka yi amshi na farko. Can na ji ƙarar ƙofa a hankali, wata mace mai siririyar murya ta yi magana da sauri, da dariya a cikin maganar:

“Ku 'yan matan nan, gwaten zai huce fa. In sun gama ihun nasu ku fito.”

Na ɗauka amaryar ɗakin ƙarshe ce, wadda takan taya Mama girki. Na ci gaba da jira. Ina jiran a banko ƙofa, ina jiran faɗa. Aka yi amshi na biyu, jita ta yi nata, waƙar ta gangara ta ƙare, mai gabatarwa ya soma gaishe-gaishe. Na saki hannun ƙawata, na ce shi ke nan, mun shafe ta.

Ta juyo ta dube ni, hawaye na bin kumatunta. “Wane shafewa? Mama ne fa wannan. Ba ka ji ba?”

Na ce ba ita ba ce. Ta ce ita ce, ko a cikin kasuwa ta ji wannan muryar za ta waiwaya, ita ce mai kiranta 'yar ɗakina, ita ce mai zuba mata gwate fiye da nawa don a tsokane ni. Muryar da na yi ta nema ta tsohuwa ce, mai nauyi, ta kan gadon jinya, wadda ita ma ta tafi. Wannan kuwa yarinya ce. Na lissafa a raina, na ga matar da ke cikin kaset ɗin ba ta girmi babbar 'yata da yawa ba, kuma ko faɗan ma ba ta yi ba.

Na roƙi tsohon ya mayar baya. Ya ce Hajiya a bar zaren nan ya huta, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ai ya riga ya shiga memori. Ya jira kaset ɗin ya kai ƙarshe, ya saka mini memorin a waya. Ƙawata ta tura mini kaset ɗin a jaka ta ce nawa ne, ta raka ni har bakin titi, ta tsaya sai da keken ya tashi. Na isa gida kafin la'asar ta yi nisa.

Ban tura wa yayyena ba tukuna. Tsoro nake ji su gane ta tun daga kalmar farko, su kira ni suna kuka, in rasa yadda zan yi. Kullum da rana in yara sun fita nakan zauna a kicin in kunna. Na san daidai inda ƙofar take ƙara, in ta gama magana sai in ja baya da yatsa in sake, in ja in sake, yadda muke yi wa waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba. Na riga na iya inda take ɗaga murya a kan “huce fa”, da inda dariyar take shigowa. Jiya ina wanke-wanke na ji ta a kaina ba tare da waya ba, da muryarta, ba tawa ba. Na tsaya da hannu cikin kumfa ina jira zuciyata ta ce mini Mama ce. Har yanzu ba ta ce ba, haddace ta kawai nake yi.