Takalmin da Yaya Haruna ya raba uku

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan wata na Rajab, da muka rasa yayana Haruna baduku, wanda mutanen unguwar Sultana a nan Madina suka fi sani da Abu Mansur. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi, domin warshar da ya bari, wato shagon da ake ɗinka takalma, tana tangal-tangal, kuma ni ƙanwarsa ina ganin da hannunsa a ciki.

Dukanci gadonmu ne. Kakanmu da basillarsa ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano, ya zauna a Madina bai koma ba. Yaya ne ya fitar da sana'ar daga cikin gida ya kai ta bakin titi. Mutum ne mai tsantseni, ga taurin kai. In ya ce fata ba ta jimu ba, ko limamin unguwa ne ya kawo ta sai ya mayar masa da abarsa. Ni ce nake dafa abincin rana na warsha tun buɗe ta, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Turai, lokacin da ya je Italiya sayen keken ɗinkin fata. Wani ƙaramin gari aka kai shi, gidan wasu masu yin takalma tun kaka da kakanni. Ya dawo da keke, ya kuma dawo da labarin da muka sha har muka haddace. Wai dattijon gidan yana zaune a bakin ƙofa, sunansa a saman allo. Ɗansa ɗaya yana yanka fata, ɗaya yana ɗinki, ɗaya yana manna tafin takalmi. Da rana ta yi tsaka sai su rufe, su hau bene su ci abincin uwarsu tare. Majemi da mai yin kwali da direban garin duk a gidan suke samun na tuwo. Yaya yakan ce irin waɗannan gidaje ne suka riƙe ƙasar, ba manyan kamfanoni ba. Shi ba ya jin yarensu, su ba sa jin Larabci, don haka da ido kawai ya yi karatunsa.

Abin da idon ya karanto masa shi ne, kowane ɗa aiki ɗaya ya iya, shi ya sa ba mai iya barin ɗan'uwansa. Sai ya raba takalmi uku tsakanin 'ya'yansa. Mansur babba ya ba shi yanka, Anas ɗinki, Bilal auta tafi da gogewa. In ya ga Mansur ya raɓi keke, korarsa yake yi kamar akuya ta shiga rumbu. Na taɓa gaya masa abin bai kwanta mini ba.

"Ke dai Hajara, bar ni da yarana," in ji shi. "In kowa ya iya komai, ranar da na mutu shago uku za a buɗe. A haka kuwa dole su nemi juna."

Ba zan ƙi gaskiya ba, dabarar ta yi aiki shekara da shekaru. Ya rasu, ba a buɗe shago uku ba. Ana idar da azahar nake aika tire, su zauna su ukun su ci, maƙwabta suna yaba zumuncinsu.

A bana ne Anas ya ce zai tafi. Surukinsa ya tsufa, yana son ya riƙe masa gonar dabino a garin Khaibar, kuma an sa tafiyar bayan hajji. In Anas ya tashi, ba mai ɗinki. Ɗauko bare kuwa Mansur ya ce ba zai yiwu ba, wai Baba ya hana wani ya hau keken. Ga wani mai sayar da gahawa yana ta zarya, yana son ya karɓi shagon. Mansur ya daina yi wa Anas magana. Tirena ya riƙa dawowa da rabin shinkafa.

Na kira Anas gida don in yi masa faɗa. Shi da yakan amsa mini da Larabci, ranar sai ya haɗa da Hausa don in ji da kyau.

"Ya Gwaggo, wallahi ta'abt, na gaji. Baba bai ba ni sana'a ba, ɗaure ni ya yi a ƙafar keke. Na haura arba'in, ko takalmin ɗana ban iya yi in gama ni kaɗai ba."

Na fasa faɗan da na shirya.

Ana cikin haka wani ƙarfe ya karye a jikin keken, Bilal ya kira gidan nan na Italiya ta waya neman madadinsa. Tsohon ya daɗe da mutuwa, jikarsa ce ke riƙe da gidan yanzu. Cikin hira da ɗan Turancinsa ya yi mata ƙorafin cewa mai ɗinkinsu zai tafi, ƙila su rufe. Ta yi mamaki. Ta ce su a gidansu yaro sai ya zagaya kowane teburi shekaru kafin ya zaɓi inda zai zauna, kuma haka yake tun zamanin kakanta. Wani kawunta ma ya bar sana'ar ya koma birni, aiki bai tsaya ba. Ashe Yaya zaman da suka yi a ƙarshe ya gani, bai ga zagayen da suka yi kafin nan ba.

Tun da Bilal ya kawo mini wannan zance nake tambayar kaina me Yaya zai ce. Na san da farko zai musa, ya ce yarinyar ba ta san komai ba. Amma ban yi zaton zai iya kallon idon Anas ya maimaita ba. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa. Tsoron rabuwar 'ya'yansa ne ya sa shi, ga shi abin da ya ƙulla don su zauna shi ne ya sa ba sa ga maciji.

Ni dai abin da ke hannuna na yi amfani da shi. Na daina aika tire. Da Mansur ya zo jin ko lafiya, na ce masa ba zan ƙara dafa wa mutanen da ba sa magana da juna ba, kuma hanin hawa keke da ubansu ya yi ni ƙanwarsa na ɗage shi, in da laifi a wuyana. Ya tashi ya fita.

Makon jiya Bilal ya zo ya ɗauke ni zuwa warsha. Na tarar da Mansur, da furfurarsa, a kan keke, Anas na tsaye a kansa. Ba sa hira, sai dai Anas ya ce "a hankali", Mansur ya yi tsaki. Ɗinkin ya karkace kamar hanyar tururuwa. Ban sani ba ko hannunsa zai faɗa kafin hajji, kuma mai gahawa bai daina zarya ba.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: keke, tire, da hannunsa da ya kasa uku, wanda sai yanzu ake ƙoƙarin haɗawa. Takalmin farko da ya fito na karɓe, na sa shi ranar Juma'a zuwa bakin katangar maƙabartar Baƙi'a, inda mu mata muke tsayawa. Yana cizo, har ya tayar mini da bororo a dunduniya. Na yi wa Yaya sallama, na gaya masa Mansur ne ya yanka, shi ne kuma ya ɗinka, sannan na ɗingisa zuwa gida.