Tarwadar Madam da Saƙon da Bai Isa Kwali Ba

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Kaduna, ni da abokin aikina, ko shayi ban tsaya na sha ba. Kwali muka nufa, can gaba da Gwagwalada a kan hanyar Lokoja, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. 'Ya'yan kifin wata baiwar Allah ne suka mutu, da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ga yadda abin yake. Wata ƙungiyar masu kiwon kifi ta ba mu aiki. Abokina ya haɗa 'yar na'ura mai batir da layin waya, wadda ke lura da famfon da ke zuba ruwa a tankin kifi. Idan famfo ya tsaya sai ta yi shela, ta tura saƙo zuwa wata kwamfuta da mu masu sana'ar muke kira dillali. Shi dillali ba ya ajiye komai. Duk wanda ya yi rajistar sauraro a lokacin zai ji, wanda bai yi ba kuwa ya wuce shi, kamar sanarwar rediyo. Nawa aikin shi ne rubuta manhajar da ke zaune a ofishin ƙungiyar tana sauraro, ta mayar da shelar saƙon tes zuwa wayar mai kifin. Ranar Lahadin da ta wuce famfon wata mata da kowa ke kira Madam ya tsaya tana coci, wayarta ba ta ce uffan ba. Ta dawo ta tarar da tanki guda ya tafi. Saura tanki ɗaya, ga wata Lahadin ta zo gobe.

Hanya dai ba laifi, inda aka gyara sumul, inda ba a gyara ba sai ka riƙe haƙoranka. Direbanmu ya cusa mutum huɗu a baya, ya ce ai dukanmu sirara ne, alhali na kusa da ni shi kaɗai ya kai mutum biyu. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. A Tafa muka tsaya na sayi ƙosai, girman kowanne bai fi goro ba, mai suyar ta ce in je in tambayi masu wake. Abokina ya yi barcinsa har muka hango dutsen Zuma. Ni kuwa kwamfuta tana kan cinyata, ina ta bin layukan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, ban ga aibunsu ba. Har na fara shirya yadda zan ɗora laifin a kan na'urar mai barcin nan.

A Zuba muka sauya mota. Wannan tasha duk yaren da ka sani za ka ji shi, amma ciniki da Hausa ake yi, kowa da irin tasa. Daga Gwagwalada zuwa Kwali gari ya fara buɗewa, gonakin doya da rogo hagu da dama, ga tukwanen ƙasa an jera a bakin titi. Raina ya ɗan yi sanyi da ganin koren nan.

Madam 'yar Filato ce, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin magana. Na shirya jin faɗa, sai ta fara ajiye mana gasasshiyar doya da manja da yaji. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da muka ci ta kai mu bayan gida. Tanki ɗaya a bushe, an wanke shi tas. Ɗayan kuma cike da 'yan tarwada, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba, suna ta wutsil-wutsil a ƙarƙashin ruwan da ke zuba.

"Oga Injiniya," in ji ta, "wannan waya naka bai yi magana ba. Kifi na yana mutuwa, ni ina can ina waƙa. Gobe in je coci ko in zauna gadi?"

Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Abokina ya duba na'urarsa, ya nuna mini ƙarara cewa ta yi shelarta ranar, a kan lokaci. Ya dube ni ya yi wani murmushi da har yanzu ban yafe masa ba.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne kusa da kasuwa. 'Yar kwamfutar da manhajata ke ciki tana kan kantar ofishin, koriyar fitilarta tana haske, alamar komai lafiya. Na gwada, saƙo bai shigo ba. Na kashe na kunna, saƙo ya shigo tsaf. Ina zaune ina sosa ƙeya sai aka ɗauke wuta. Sakataren, wani dattijo mai fara'a, ya miƙe ba tare da ya katse hirarsa ba ya je ya tayar da janareta. Akwatin intanet ya mutu ya dawo. 'Yar kwamfutar kuwa ko gezau, domin na saka mata batir, har na yi ta alfahari da shi ranar da muka kafa ta. Na sake gwadawa. Shiru.

Nan na gano inda matsalar take. Manhajar tana yin ayyuka da yawa a lokaci guda ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba: wani sashe yana jiran saƙo, wani yana tura tes, wani yana sake ƙulla layi da dillali idan ya yanke. Rajistar sauraro kuwa sau ɗaya na rubuta ta, a farkon tashi. Da layi ya yanke ya dawo, dillali sai ya ɗauke ta baƙuwa wadda ba ta nemi jin komai ba. Sashen jira ya ci gaba da jira, ba kuskure, ba ƙorafi, fitila kore shar. A ofishina na Kaduna akwai sola, layi bai taɓa yankewa ina gwaji ba. Da ma ban saka batirin nan ba, da duk ɗauke wuta sai ta mutu ta tashi ta sake rajista da kanta.

Da Madam ta iso ofishin na yi mata bayani iya gaskiyata, ban ɓoye cewa laifina ne ba. Ta ce, "Wato yarinyar ka tana dawowa gida, amma ba ta kunna rediyo." Na ce ko ni ban iya faɗinsa haka ba.

Gyaran bai kai layi goma ba. Na mayar da rajistar cikin sashen da ke sake ƙulla layi. Na kuma sa na'urar tanki ta riƙa cewa tana nan bayan kowane 'yan mintuna, idan aka ji ta shiru a sanar da mai kifi. Madam ba ta yarda da bakina ba. Da hannunta ta zare wayar akwatin intanet ta mayar, ta hau acaɓa ta je gida ta kashe famfo. Sau uku tana yi, sau uku wayarta tana ƙara. Kafin mu rabu na saka lambata cikin masu karɓar saƙon tankinta.

A Gwagwalada muka kwana gidan ɗan'uwan abokina, aka cika mu da sakwara da miyar agushi. Da safe muka kamo hanya. Mun wuce Tafa kaɗan, wajen ƙarfe goma, wayata ta yi ƙara: famfon Madam ya tsaya. Na san tana coci. Na kira, ba a ɗaga ba. Ban san ko saƙon ya same ta ba, ko wayar tana can ƙasan jaka ana ta kiɗa. Na riƙe wayar da hannu biyu ina salati a zuci, na kusa da ni yana ta ba ni labarin siyasa, ko kalma ɗaya ban ji ba. Minti goma sha tara na ƙirga. Sai wayar ta sake ƙara: famfo ya tashi.

Can ta kira tana haki. Ta ce ana tsakiyar wa'azi ta fice da takalmi a hannu, duk coci ana kallonta, kifi kuwa ko ɗaya bai juya ciki ba. Na yi hamdala da ƙarfi har direba ya waiwayo.

Mun shiga Kaduna bayan azahar, a gajiye amma zuciya wasai. Abin da na koyo shi ne in daina gwada aikina a inda wuta ba ta ɗaukewa, in kuma daina yarda da shirun manhaja don kawai fitilarta kore ce. Tankin farko dai ba zai dawo ba, wannan yana raina. Lambata kuma har yau tana cikin masu sauraron tankin Madam, ba ni da niyyar cire ta.