Cizon da Ban Fassara wa Likita Ba

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci. A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikacin gwamnati ne, ina da shekara arba'in da 'yan kai, haifaffen Kwarbai a cikin birnin Zariya. Na yi boko, na kuma karanta littattafan fiƙihu a zauren gidanmu, shi ya sa nake ji da kaina. In ana gardama a majalisa ba na tashi sai kowa ya yi shiru, ko da kuwa gajiya ce ta sa su shirun. Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, bai yi boko ba. Maɗinkin babbar riga ne, da allura da zare ya kai ni har jami'a. Malam Ƙarami yake kirana, rabi tsokana rabi girmamawa, kuma duk abin da na faɗa a wurinsa ya zauna.

Da ciwon zuciya ya kama shi aka ce sai an yi masa aiki a Indiya, ni na raka shi. Ni ne bakinsa, ni ne kunnensa, domin ba ya jin Turanci ko kaɗan. Aiki ya yi kyau, muka kama ɗaki kusa da asibitin muna zuwa ana duba shi. Abin da ya ɗaure mana kai a unguwar shi ne karnuka. Mu a cikin ganuwa sai ka yi wata guda ba ka ga kare ba, in ba na mafarauta ba. Can kuwa ga su nan kwance a ƙofar shaguna da gindin bishiyoyi, ba na kowa ba ne, mutane na tsallake su suna wucewa. Ni tattare rigata nake yi ina tsaki. Yaya kuwa akwai tausayi. Da likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki da safe, sai ya riƙa fita da ragowar gurasa a aljihu yana ba wata 'yar karya ja, ramammiya, da take kwanciya gefen teburin mai shayi. Na yi masa magana, ya ce in ƙyale shi, ita ma baƙuwa ce irinmu, ba ta da kowa.

Saura kwana uku mu taho gida muka same ta kwance, ba ta taso da kaɗa wutsiya kamar kullum ba, yawu na dalala daga bakinta. Yaya ya durƙusa ya miƙa mata gurasar, sai ta cafke shi a gindin babban yatsa. Huda biyu ne ƙanana. Ya yi dariya ya ce allura ta sha yi masa wanda ya fi wannan. Mai shayin ya taso yana magana da sauri cikin yarensu, yana nuna asibiti, yana kwatanta allura a damtsensa. Wallahi na gane abin da yake nufi. Amma ni abin da ya cika mini kai shi ne tsarki. Na ja Yaya zuwa ɗaki, na sa ya wanke hannun sau bakwai, ya canza riga, sannan na zauna ina zuba masa bayani a kan saɓanin malamai game da yawun kare. Yana ta gyaɗa kai.

Washegari muka je dubawar ƙarshe. Likita ya gama, ya tambaya ko akwai wani abu da ke damun mara lafiya. Yaya ya ɗaga yatsan ya ce mini in faɗa wa likitan maganar karyar nan. A nan na yi abin da ya hana ni sukuni har yau. Na ji tsoron a riƙe mu, hutuna ya ƙare, na gaji da garin mutane. Na kuma ji kunyar a ce dattijo ɗan babban gida yana wasa da kare. Sai na juya na ce wa likita da Turanci babu komai, yana dai godiya ne. Likita ya yi murmushi ya miƙa masa hannu. Na ce wa Yaya an ce ba matsala, zai warke da kansa. Ya yi hamdala.

Muka dawo, gida ya cika da 'yan barka, daga Tukur-Tukur har Ƙofar Kuyambana. Yaya ya yi ƙiba, ya koma bakin aikinsa, ya ma soma yi mini wata riga ta tukuici. Wajen wata biyu sai ya fara cewa yatsan na masa ƙaiƙayi, zazzaɓi ya biyo baya, muka sayi maganin zazzaɓin cizon sauro. Ranar wata Talata da la'asar matarsa ta kawo masa buta, yana jin ƙarar ruwan ya zabura ya ja da baya, maƙogwaronsa ya shaƙe. Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa babu alwala ba. Wasu suka ce iska ce, aka kawo rubutu, ya kasa ko kallon kofin.

A asibiti likita ya tambaya ko kare ya taɓa cizonsa. Kafin in buɗe baki Yaya, da ya ɗan lafa a lokacin, ya amsa da kansa. Ya ce ƙwarai, amma ƙanensa mai ilimi ne, ya faɗa wa likitan can, aka ce ba matsala. Likitan ya dube ni, na dubi ƙasa. A waje ya ce mini ciwon haukan kare ne, in alamu suka fito ba shi da magani, amma da an wanke wurin sosai da sabulu an fara allurar rigakafi tun a farko, da yardar Allah da bai kai nan ba. Kwana huɗu Yaya ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Sallolinsa na ƙarshe da taimama ya yi su, yana dafa bangon asibiti.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai wanke ni ba. Ina roƙon duk wanda zai fita waje, kada ya kai hannu ga karen titi komai laushinsa. In cizo ko yakushi ya faru, ko kamar tsinin allura ne, a nufi asibiti a ranar. Hukuncin tsarki daban, magani daban. Wanda kuma aka ɗauka ya zama bakin wani, ya isar da magana yadda aka ba shi, amana ce.

A zaman makoki mutane suka yi ta sa mini albarka, wai na yi wa ɗan'uwana hidima har ƙasar waje. Na karɓa ina cewa amin. Matarsa ta aiko mini da rigar nan da bai gama ba, allurar na soke a inda ya tsaya. Har yanzu in mun gaisa sai ta ce Allah ya saka wa Malam Ƙarami, ni kuma har yanzu ban faɗa mata ba.