Sunan da Mastura Ta Kira a Gidan Tarihin Teku

Mastura ƴar unguwar Ruwais ce a Jidda, autar gidansu, mai ɗinkin abaya. Mahaifinta tun yana saurayi yake tuƙa kwale-kwale, yana ɗauko alhazai daga manyan jirage zuwa gaɓar Jidda. Ya rasu ya bar hoto ɗaya tak, shi ma mahaifiyarta, Hajiya Mansura, ta ba wa masu haɗa gidan tarihin teku da suka bi gida-gida neman tsofaffin kaya.

Da ta yi arba'in bayan ta haihu, Mastura ta saɓa jaririnta ta nufi gidan tarihin. Sunan mahaifinta aka sa wa yaron, shi ya sa ake ce masa Abba. So take ya gai da mai sunansa.

Ta wuce igiyoyi da anga, ta iske hoton a bango na uku. Ga shi da sandar tuƙi, ga tabon da ta sani a goshinsa. A ƙasa an rubuta da Larabci: "Ma'aikaci ɗan Afirka, ba a san sunansa ba."

Ranta ya ɓaci. Mutumin da ya shekara talatin yana tsallakar da baƙin Allah! Ko kifin da ke cikin gilashi an rubuta sunansa.

Abba ya tsala kuka. Wani ma'aikaci mai suna Meshari ya matso, ya ce ta fita da yaron ta rarrashe shi. Ta ce ba inda za ta, sai an gaya mata wanda ya binne mata uba sau biyu.

Meshari ya duba kwamfuta, ya ce laifin ba nasu ba ne. Sau uku aka tambayi tsohuwar da ta ba da hoton sunan mutumin, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigidan ne."

Hajiya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Mastura ma, shekara talatin da biyar, bakinta bai taɓa furta shi ba. Kunyar da suke taƙama da ita ce ta goge shi daga bango, su kuma masu gidan tarihin ba su iya tambayar maƙwabta ba.

"Halas, shi ke nan, ɗauko biro," ta ce wa Meshari.

Ta gyara wa Abba kwanciya a kafaɗa, ta dubi hoton.

"Baba, ka yafe mini. Usman Adamu. Kai kuma, rubuta a gabana, ba na tafiya sai na gani."